Danshi da fumfuna a kabad ɗin ƙarƙashin tankin kifi: fanka, fenti, huda baya, ko dai a canja katakon?

Duk shekara da zarar an shiga Agusta sai maganar nan ta taso tsakanin masu ajiye kifin ado a Zariya. Mutum ya buɗe ƙofar kabad ɗin da tankin gilashin yake zaune a kai zai ɗauko abincin kifi, sai wani warin rima ya buge shi, ya haska tocilan waya yaga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kusurwa, abincin kifin ya dunƙule yayi fari-fari, hinjin ƙofa yayi tsatsa, gindin katakon kuma ya fara kumbura. Daga nan kowa da shawarar da zai baka. Wani yace saka fanka, wani yace a'a fenti ne maganin, wani yace ɓalle bayan kabad ɗin gaba ɗaya, wani kuma ya tura ka neman 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Kowacce akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba aiki ɗaya suke ba, wasu ma a garin nan asarar kuɗi ne kawai.

Abun da zaka fara tambayar kanka shine, akwai buɗaɗɗen ruwa a cikin kabad ɗin naka ko babu? Domin kabad iri biyu ne. Akwai wanda ba komai a ciki sai abincin kifi da raga da soket, ko filtar nan mai kama da bokiti wadda take a rufe ruf, ruwa na shiga ta tiyo yana fita ta tiyo. Akwai kuma wanda aka saka ƙaramin tanki na biyu a ƙasa, ruwan sama yana gangarowa ciki ana tace shi famfo ya mayar da shi. Na farkon in ya jiƙe to wani abu ne yake yoyo ko kai kake zubarwa, ruwa dai baya tsami banza. Na biyun kuwa ko babu yoyo ko ɗigo ɗaya tururi yana tashi dare da rana a cikin akwatin da aka rufe, lita-lita a sati, kuma ruwan nan da kake ƙarawa duk bayan 'yan kwanaki ba ɓacewa yake ba, ta cikin kabad ɗin yake bi ya fita, wanda bai samu hanya ba ya lafe a jikin katako.

Sannan akwai wani abu da shawarwarin mutanen ƙasashen waje basa cika jaddadawa saboda su ba'a ɗauke musu wuta sau uku a yini. Duk lokacin da wuta ta tafi famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu da wanda ke saman tanki zai gangaro ƙasa, in tankin ƙasan a cike yake dam to ambaliya zai yi a cikin kabad, kuma yawanci kana kasuwa ko kana barci. Haka ɗan injin iska mai sa kumfa, in an ajiye shi a ƙasa da matakin ruwa, da an ɗauke wuta siririn tiyon nan zai iya zuƙo ruwa ya dawo da shi cikin injin ya tsiyaye a ƙasan kabad. Maganin wannan ɗan bawul ne na roba mai barin iska ta wuce ya hana ruwa komowa, bai kai girman yatsa ba. Na tankin ƙasa kuma ka kashe soket da kanka ka tsaya kana kallo har ruwan ya daina hawa, in ya kusa baki ka rage, ka ja layi da maka inda ba zaka ƙara cikawa ya wuce ba, kuma a huda ɗan rami a bututun da ke mayar da ruwa sama, dab da ƙasan fuskar ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙon. Wallahi da yawan abun da ake cewa danshi ne, wannan ne. Ba fankar da zata busar da lita biyar da ta kwanta a kan katako tun asuba.

Ita fumfuna ba ta da wani buƙata mai yawa. Tana son wurin da iska bata motsi, abun ci kamar katako ko kwali ko ƙurar da ta taru, da danshin iska da ya haura wajen kashi 70 cikin 100 ya daɗe a haka. Ƙasa da 60 bata samun sakewa. Katakon da ya jiƙe aka barshi awa 24 zuwa 48 bai bushe ba ya isa ta kama. Toh mu a nan ruwan saman da ke sauka a shekara wajen milimita 1,000 ne, kusan duka tsakanin Mayu da farkon Oktoba, Agusta ta fi kowanne, kuma a lokacin iskar ɗakin kanta ta kai ko ta wuce wancan 70 ɗin, musamman gidajen da bangonsu ke shan ruwa ko waɗanda ke gangare wajen Kubanni da fadamu. Da hunturu kuma danshin iska yakan faɗo ƙasa da 20 da rana. Wannan tsalle daga can zuwa can shine yake kashe kabad a Zariya, ba daminar kaɗai ba: hunturu ya busar da katako ya tsuke, fenti ya tsage, gaɓoɓi su buɗe, damina tazo ta tarar da ƙofa a buɗe.

Kar kuma ka ɗauka hunturu lafiya lau ne. In kana da hita a tankin ƙasa tana riƙe ruwa a digiri 25 ko 26, da asubar Janairu kuma ɗakin yayi sanyi ƙarara, tururin ɗumin zai daki ƙofar kabad mai sanyi ya koma ruwa, ka buɗe kaga rufin ciki yana zufa alhali a waje leɓenka tsagewa yake.

Toh bari mu fara da katakon, don a ganina nan ne rabin maganar take. MDF da ɗan'uwansa HDF sune kafintocin zamani suka fi so, suna da santsi, an riga an manna musu fuska mai kyau, aiki yana fita tsaf kamar na kanti. Amma garin katako ne aka matse da gam. Fuskar bata shan ruwa, bakin da aka yanka da ramin sukuru kuwa suna sha sosai, kuma in ya kumbura ya kumbura kenan, ko ka shanya shi wata guda a ranar Afrilu ba zai koma yadda yake ba, sukuru ya daina kamawa. Ba sai ruwan tanki ba ma, mofa da ake yi kullum a kan tayil ta isa ta cinye gindinsa a hankali. Yanzu ka tuna abun da yake ɗauke da shi. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45 yana cin lita 243, kusan jarka goma masu lita 25, lita ɗaya kilo ɗaya, ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu ka tasam ma kilo 300, buhun siminti shida kenan a kan abun da ruwa ke narkarwa. A wajena MDF da buɗaɗɗen ruwa basa zama ɗaki ɗaya, ko me kafinta zai ce maka.

Filawud ya fi shi nesa ba kusa ba saboda yanka-yankan itace ne aka jera a gicciye aka manne, in ya jiƙe ya bushe yawanci yana riƙe siffarsa. Sai dai filawud ma suna suka tara, na arahar nan da ake bayan wadirob da shi gam ɗinsa baya jure ruwa, ɓarewa yake falle-falle. Wanda nake nufi shine baƙin allon nan mai sheƙi da magina ke shimfiɗawa in za'a zuba dakin, wato rufin kankare, wanda ake kira marin bod, mai kaurin milimita 18. An yi shi ne dama don jiƙaƙƙen kankare ya kwanta a kansa. Ba shi da kyan gani, fenti baya kama fuskarsa sai an goge da sanfefa, kuma shima bakinsa da aka yanka tsirara yake sai an toshe, amma a matsayin ƙasan kabad da bangon ciki ban ga na biyunsa a kuɗinsa ba. In kyau kake so a yi ƙofofin da wani abun daban.

Katako na gaske kamar maɗaci yana da ƙarfi ba musu, matsalar itace da yawan wanda zaka samu a 'Yan Katako a Sabon Gari bai gama bushewa ba, in aka haɗa shi ɗanye hunturu na zuwa zai murɗe, in saman da tanki ke zaune ya karkace ko kaɗan gilashi ne zai ɗauki wahalar, kuma gilashi baya lanƙwasa. A saya a jingine a inuwa ya sha iska tukuna. Sannan ga gara, ita kuma ba abun da take so kamar katako mai laima a lungu mai duhu da ba'a motsa shi shekara da shekaru. Kafinta zai ce a shafa maganin gara ko baƙin mai, a shafa ɗin amma a waje, ya bushe warin ya fita kafin ya shigo ɗaki, zan faɗi dalili a gaba.

Sai ƙarfe. Ka je wajen mai walda ya haɗa maka firam da sikwaya faif mai kauri, ba irin na ƙofar shago mai laushin nan ba, sannan a rufe gefe da gaba da allon roba irin na silin ko falle na aluminiyam, a maƙala da maganaɗisu ko 'yan sukuru yadda zaka iya cirewa. Nauyin yana kan ƙarfe, allunan sutura ce kawai, fumfuna ko ta fito a kan ƙurar jikinsu tsumma ɗaya ya share ta, gara kuma ba ruwanta. Abokin gabarsa tsatsa ce, kuma daga ƙafafu da wajen walda take farawa, wani lokacin daga cikin faif ɗin inda ido baya gani. Don haka a toshe bakunan faif, a goge wajen walda, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa hannu biyu kafin fentin mai, a saka roba a ƙafafun kar su zauna cikin ruwan mofa. Ka tsaya a kansa ya ɗora ma'aunin lebur a saman, masu walda da yawa da ido suke aunawa. In sabon kabad zaka yi kuma da tankin ƙasa a lissafinka, ni wannan zan zaɓa, marin bod na biye.

Yanzu maganar fenti. Fenti baya rage danshi ko kaɗan, abun da yake yi shine ya hana katako sha, wannan kuma ba ƙaramin abu bane domin fumfunar da ta fito a kan fenti gogewa ake, wadda ta shiga cikin katako kuwa ta samu gida. Fentin ruwa na bango ka manta da shi. Fentin mai mai sheƙi hannu uku yana aiki, kuma fari ya fi, ba don ado ba, don duk ɗigon da ya fito zaka ganshi da wuri. Banish mai kyau shima haka, sai dai siriri ne, yana saurin karcewa in kana jan bokiti a kai. Wanda ya fi su duka shine ruwan faiba da masu gyaran jikin mota da tankin ruwa ke amfani da shi, ko efoksi in ka samu, yana bushewa ya zama kamar roba mai tauri, amma da tsada da wari, kuma yana son hannun wanda ya saba. Ko wanne ka ɗauka, inda aikin yake shine bakin yanka, ramin da tiyo ke bi, ƙasan gindi da ke kallon tayil, da kusurwoyi, wuraren da mai fenti yake tsallakewa kenan saboda ba'a gani. Kusurwoyin a bi su da silikon. Silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna ya halatta a jikin katako, amma kar ya kusanci cikin tanki, maganin da ke cikinsa yana cutar da kifi.

Akwai wata dabara mai sauƙi da nake ganin ta fi fentin ma amfani in aka zo maganar ambaliya: tire. Mai aikin kwano ko aluminiyam ya lanƙwasa maka faranti daidai faɗin cikin kabad mai baki kamar santimita 5, ko ka samu babban tiren roba, komai ya zauna a ciki. Abun da ya zube ya tsaya nan ka tsane da soso. In ba hali ko ledar ƙasa mai kauri ka shimfiɗa ka ɗaga bakinta ta hau bango, amma ka riƙa ɗagawa kana leƙa ƙarƙashi, don in ruwa ya samu ya shiga ƙasan leda baya fita, sai ta zama ita ce matsalar.

Babban kuskuren da ake yi da fenti lokaci ne. Mutum yaga fumfuna a Agusta, hankalinsa ya tashi, ya sayo fenti ya shafe a kan katakon da yake cike da laima. Ka kulle ruwan a ciki kenan, bayan 'yan watanni fentin ya kumbura ya ɓare, baƙin ya sake bullowa ta ƙasa. Mu da Allah ya ba hunturu da bazara, bamu da uzuri, daga Disamba zuwa Maris katako yana bushewa har cikin ƙashinsa kyauta.

Sai iska, inda aka fi gardama. Buɗe bayan kabad shine mafi araha kuma baya jiran wuta, in ka haɗa da matsar da shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, santimita 10 haka, yawancin kabad marasa tankin ƙasa sun gama warkewa. In bangon na waje ne wanda ruwan sama ke duka ma gara ka ƙara tazarar. Amma a yi hattara, a kabad ɗin allo bayan nan ba rufi kawai bane, shi yake hana kabad ɗin karkacewa gefe, ka ɓalle shi duka da kilo 300 a sama yaro ya jingina ka ji labari. Abun da ya fi a yanke manyan tagogi biyu a bar firam kewaye, ko a cire a maye da katako biyu a gicciye. Bangon gefe da ginshiƙin tsakiya kuwa su ke ɗauke da nauyi, ba'a yi musu babban rami.

Ƙananan ramuka a ƙofa ko ƙofa mai luba suna taimakawa in an yi su da lissafi: wasu a ƙasa, wasu a can sama, domin iska mai ɗumi da danshi sama take yi, ta fita ta saman ta jawo sabuwa ta ƙasan. Ramuka huɗu masu faɗin kwabo a jere a tsakiyar ƙofa ado ne kawai. Kuma duk ramin da ka buɗe ka manna masa ragar sauro, in ba haka ba ka buɗe wa kyankyaso da tsaka da ɓera masauki mai ɗumi da ruwan sha, ɓera kuma tiyo da waya yake ci. Da hunturu ragar zata toshe da ƙura, sai ana bi da burushi.

Fanka ita ce mai ƙarfin cikinsu, ita kaɗai ce zata iya da kabad mai tankin ƙasa wanda dole a rufe shi, misali a falo inda ba'a son ƙarar ruwa ko akwai yara masu buɗe-buɗe. Ba wata fanka ta musamman bace, ta cikin kwamfutar tebur ce mai bolt 12, masu gyaran kwamfuta a PZ suna da tsofaffi, ka nemi mai faɗin milimita 120 ta fi mai 80 shiru kuma ta fi jan iska. Wat 1 zuwa 2 take ci, tsohuwar adaftar dikoda ta isa, in kana da sola mai batirin bolt 12 ma kai tsaye daga batir. A kafa ta a sama ta baya tana fitar da iska waje, a buɗe mashiga a ƙasa ta ɗaya gefen wadda faɗinta bai gaza na fankar ba. In ka sa mashiga da mafita kusa da juna iskar zata shiga ta fice nan take, lungunan su zauna yadda suke. Ka riƙe ɗan yankin tishu a bakin mashigar ƙofa a rufe, in ya manne to tana ja.

Amma ga iyakarta, kuma a nan ne masu cewa fanka ce komai suke ɓata: fanka bata busar da iska, musanya take. Iskar ɗaki take kawowa, in ɗakin yana kan 80 a tsakiyar Agusta to cikin kabad ba zai sauka ƙasa da haka ba ko fanka nawa ka jera. Ribar ita ce ta hana shi hawa kusa da 100, ta hana zufa kwanciya, motsin iskar kuma yana takura wa fumfuna. Na biyu, in wuta ta tafi ta tsaya, kuma daren da aka kwana ana ruwa shine daren da aka fi rasa wutar. Saboda haka wanda bashi da sola ko inbata kar ya rufe kabad ruf ya dogara da fanka kaɗai, ya haɗa da ramukan sama da ƙasa da zasu yi aiki ko babu ita. Akwai masu USB da ke tashi da fawa bank, babba mai mAh 20,000 zai iya riƙe ƙarama kwana biyu ko fiye, sai dai waye zai bar wa kifi fawa bank wayarsa na kashi 4? Na uku, tana ƙara saurin ƙafewar ruwa. A Maris da Afrilu wannan alheri ne don yana ɗan sanyaya wa kifi ruwa, amma zaka riƙa ƙari akai-akai, kuma in ruwan bohol ne zaka ga farin ɓawo yana taruwa a bakin tanki da tiyo. Wannan ba fumfuna bace, gishirin ruwa ne, yana da tauri a hannu, fumfuna kuwa laushi gare ta kamar auduga ga wari.

Abun mamaki mutane zasu kashe kuɗi a fanka basu yi wa tankin ƙasan murfi ba. Yankin gilashi ko roba mai kauri a ɗora a kai, a bar 'yar kafa ta tiyo da iska, tururin ya taru a murfin ya ɗiga ya koma inda ya fito. Da wannan kaɗai mafi yawan danshin ya tsaya tun daga tushe, fankar ta samu aiki kaɗan. In da za'a ce in zaɓi ɗaya tsakanin murfi da fanka, murfi zan ɗauka.

'Yan ƙullin tsotse danshi kuwa lissafi kawai zai raba mu. Ƙwayoyin silika suna shan kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu, wato kilo guda cur zai sha abun da bai kai rabin lita ba ya ƙoshi, tankin ƙasa kuma yana iya fitar da hakan a yini ɗaya ko biyu. Aikin baban giwa. Robobin nan masu farin gishiri da ke narkewa ya zama ruwa a ƙasa sun fi su ja, amma suma cika suke, in suka kife ruwan yana cin ƙarfe kuma ba'a son ya shiga wajen kifi. Gawayi yana rage wari, danshi kam sai dai a ce an yi. Kuma dukansu sai a rufaffen wuri suke da ma'ana, in ka huda kabad ka sa su to iskar unguwa gaba ɗaya kake son su busar. Inda suke da amfani na gaske shine cikin robar abincin kifi mai murfi. Injin busar da iska babba yana cin wat ɗari biyu zuwa uku, ɗaki yake gyarawa ba kabad ba, wanda yake da AC da wutar kunna ta ya riga ya samu wannan. Ƙaramin da ake cusawa cikin kabad kusa da buɗaɗɗen ruwa kuwa ruwan tankinka kawai yake kwashewa yana tara maka a kofi.

In fumfunar ta riga ta kama, fitar da komai, kwali da tsumma da ragar da aka ajiye a jiƙe duk a waje, da yawa ma su ne suka kawo ta. Ka rufe hanci, musamman in akwai mai asma a gidan kar ya tsaya wajen. A goge da ruwan khal ko haidurojin na kemis mai kashi 3, a bar shi ya jiƙa kaɗan kafin a share. Hypo yana aiki a kan roba da fenti da tayil, a kan tsiraran katako kuwa yawanci farar da saman yake, saiwar na ciki. Kuma kar a kuskura a haɗa Hypo da khal, hayaƙin da suke bayarwa guba ne. Ga dalilin da nace zan faɗa a maganar maganin gara: injin iskar nan duk abun da ke cikin iskar kabad shi yake turawa cikin ruwa. Warin fenti, tina, Hypo, kafur da wasu ke jefawa don wari, maganin gara, uwa uba fiya-fiya ko feshin sauro da za'a yi wa kyankyason ciki, duka zasu bi tiyo su isa wajen kifi, kuma maganin ƙwari kaɗan yake isa ya kashe su. A fito da injin waje a ɗora shi sama da tanki kafin a taɓa komai, in ma da hali ya zauna can ɗin.

Soket da ekstenshan kuma kar su kwanta a ƙasan kabad, a ɗaure su a sama jikin bango, kowace waya ta ɗan sauko ƙasa da soket ɗin kafin ta hau ta shiga, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa bai kai wuta ba.

Toh wa zai ɗauki wanne? Mai ƙaramin tanki da filta a cikin ruwa, kabad ɗinsa ma'aji ne kawai: taga a baya, tazara daga bango, tire, ya daina ajiye jiƙaƙƙun kaya, shikenan, ko MDF ne zai kai shi shekaru in an ɗaga gindin daga tayil da roba kuma an toshe bakunan. Mai filtar bokiti ya ƙara da kilif a kowane bakin tiyo, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta kwana ɗaya bayan duk wanki, in robar murfin ta fara yoyo jaridar zata tona. Mai tankin ƙasa shine sai ya haɗa duka, ƙarfe ko marin bod, fenti, tire, murfi, ramuka da fanka, kuma shi ya kamata ya sayi 'yar na'urar auna danshin nan mai batir, ya ajiye ta ciki yini ɗaya waje yini ɗaya, in na ciki ya ɗara na ɗaki da nisa to iska bata zagayawa, in sun yi kusa to abun da za'a iya an yi, saura na damina ne. Wanda kuma MDF ɗinsa ya riga ya kumbura a bangon da ke ɗauke da nauyi, ka danna da farce ya shige, kar ya ɓata kuɗin fenti, ya rage ruwan tankin zuwa rabi yau ɗin nan ya fara magana da mai walda.

Sauran gyaran da ba na gaggawa ba a lallaɓa da goge-goge da barin ƙofa a buɗe da rana har ruwa ya ɗauke. In hunturu ya shigo sai a kwashe kifin a babban baho da ruwansu na tankin, soson filta ya zauna cikin ruwan kar ya bushe don ƙwayoyin da ke tace ƙazanta a jikinsa suke, a zubar da sauran ruwan tas a kwashe duwatsu kafin a ɗaga, ba'a ɗaga tanki ko jan kabad da ruwa a ciki ko da kwata ne. Kabad ɗin ya fita tsakar gida a goge shi da sanfefa ya sha iska, a yi fentin, a bashi kamar sati a inuwa inda ƙura bata dukansa sosai, sai ka sa kai ciki ka shaƙa baka ji wari ba sannan ya koma ɗaki.